Wata bakwai da barin ƙwaya, amma godiyata ba ta wuce leɓena

Telan Tudun Wada, Gusau:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni bin wannan hanya, da ta malamai da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai.

Ni tela ne, shekaruna 31. Na fara shan Tiramol a goman ƙarshe na wani azumi, lokacin da ɗinkin sallah ya yi mana yawa har muke kwana a shago, daga shan ruwa sai sahur. Wani abokin aiki ya miƙo mini ƙwaya ɗaya ya ce za ta kashe mini ciwon baya ta kore barci, kuma a daren nan na haɗa kaftani huɗu ban ji gajiya ba. Sallah ta zo ta wuce, ni kuwa ban daina ba. Cikin shekara shida na tashi daga guda ɗaya zuwa adadin da nake jin kunyar faɗa, ina haɗawa da maganin tari mai kodin duk ranar da kuɗi suka shigo. Na cinye kuɗin kafin alƙalami na mutane, na sayar da shaddar wani bawan Allah na ce masa sace ta aka yi, daga ƙarshe na sayar da kan keken da mahaifina ya saya mini ranar da aka yaye ni. Mahaifin nawa ya rasu bara, kuma har aka kai shi makwancinsa ban taɓa durƙusawa gabansa da cikakken hankalina na nemi gafararsa ba.

Abin da ya tsayar da ni shi ne wata rana da na yanke jiki na faɗi a bakin shago, jikina yana karkarwa kamar mai farfaɗiya, har na ciji harshena. Yayana ne ya ɗauke ni zuwa asibiti, likita ya yi ta janye ni daga ƙwayar a hankali, kuma yau wata bakwai da kwana tara ke nan ban sa ta a bakina ba. Yanzu ina ɗinki a shagon wani dattijo, a kan keken da ba nawa ba.

Ma'aikacin lafiyar da nake gani duk wata ya ba ni shawarar in riƙa rubuta abu uku da na gode wa Allah a kansu kowane dare kafin in kwanta. Na ɗauki tsohon littafin awona na juya bayansa na fara. Daren farko na rubuta lafiya da Musulunci da mahaifiya, dare na biyu ma su na rubuta, kafin mako ya cika na ga ina ta maimaita abu ɗaya kamar ɗan makarantar da aka ba horo. Kun san yadda muke: a ce maka ina gajiya ka ce babu gajiya, a ce yaya aiki ka ce da godiya. Ni a lokacin da nake cikin maye ma, idona jajir, haka nake amsawa, ina cewa Alhamdu lillahi sau hamsin a wuni. Shi ya sa nake ganin kalmar ta riga ta siɗe a bakina. Da na zauna da biro a hannu kuma, abin da ke zuwa mini shi ne kan keken nan da fuskar mahaifina, sai in rufe littafin in kwanta da ƙunci fiye da yadda na zauna. Abinci ba ya mini daɗi, hira ba ta mini daɗi, zuciyata kamar busasshen rafi.

Shin wannan rubutun godiya yana da wani amfani na gaske ga irinmu, ko kuwa munafunci nake koya wa kaina? Kuma yaya mutum zai gode alhali yana cikin baƙin cikin abin da ya ɓata da hannunsa? Ina tambaya da gaggawa ne domin saura wata biyu azumi, kuma na san abin da goman ƙarshe take yi wa tela.

Malamin Islamiyya, Jega:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwana, Allah ya tabbatar da dugaduganka, ya jiƙan mahaifinka. Ka cire batun munafunci daga ranka tun yanzu, domin munafuki ba ya kwana yana damuwa da ko godiyarsa ta kai zuciya.

Malamai sun yi bayanin cewa godiya tana tsaye ne a kan abu uku, wato zuciya ta yarda cewa ni'ima daga Allah take, harshe ya furta, gaɓoɓi kuma su yi aiki da ni'imar ta hanyar da Mai ita ya yarda. Kai harshe kaɗai kake dubawa, shi ya sa kake ganin ba ka da komai. A Suratu Saba'i, aya ta 13, da Allah ya umarci iyalan Annabi Dawuda da godiya, cewa ya yi su yi aiki domin godiya. Hannun nan naka da ya wuni yana yanka yadi da jan zare, bai miƙa kuɗi ga mai ƙwaya ba, ya wuni ne yana godiya ko da zuciyarka ba ta ji ɗanɗanonta ba tukuna. Wata bakwai da kwana tara ka yi kana godiya da gaɓoɓinka ba ka sani ba.

Game da bushewar zuciya, ka lura da addu'ar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya wa Mu'azu ɗan Jabal ya riƙa yi a ƙarshen kowace salla: ya roƙi Allah ya taimake shi a kan ambatonsa da gode masa da kyautata bautarsa. Da a ce godiya abu ce da mutum yake tatsowa daga ƙirjinsa duk sa'ar da ya so, da ba a koya wa sahabi kamar Mu'azu neman taimako a kanta ba. Ka lizimci wannan addu'a sau biyar a rana.

Baƙin ciki kuma ba kishiyar godiya ba ne. Annabi Yaƙubu ya yi kukan rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, ya ce yana kai ƙarar damuwarsa da baƙin cikinsa ne zuwa ga Allah, kuma ba a taɓa lissafa shi cikin marasa godiya ba. Ƙofar mahaifinka ma ba ta rufe ba, tunda hadisi ya inganta cewa addu'ar ɗa nagari tana cikin abubuwa uku da ke isa ga mamaci. Allah ya raya ka har ka dawo hayyacinka ka iya ɗaga hannu ka yi masa addu'a, wannan ma abin rubutawa ne a littafinka. Idan ƙuncin ya taso, ka dubi wanda yake ƙasa da kai kamar yadda aka umarce mu, domin akwai waɗanda kuka fara tare da yanzu suke kabari ko suke yawo a bola.

Manomi daga Argungu:

Ƙanena, ni ma ta hanyar aiki ta same ni. Ƙwadago nake yi a fadamar shinkafa, yanka da bugu, kuma a lokacin girbi idan ba ka sha ba sai ka ga sa'o'inka sun gama kadadarsu kai kana tsakiya, gobe kuma mai gona ba zai neme ka ba. Shekara takwas na yi a ciki, yanzu ina cikin ta huɗu da fita. Ba a karon farko na fita ba, sau biyu ina komawa ruwa, don haka abin da zan faɗa maka na saye shi da tsada.

Kuskuren da ka yi shi ne ka fara da manyan ni'imomi. Lafiya da Musulunci da mahaifiya sun fi ƙarfin zuciyar da ta fito daga ƙwaya, kamar ka ɗora wa wanda ya tashi daga jinya buhun shinkafa ne a ka. Ni rubutuna na boko ba shi da kyau, saboda haka matata nake faɗa wa bayan sallar isha'i, muna zaune a tabarma. Sharaɗi biyu muka sa. Abin da zan faɗa dole ya zama a yau ya faru, in faɗi wurin da lokacin, kuma ba a maimaita abin da aka faɗa jiya. Wannan sharaɗi na biyu shi ne ya yi mini aiki, domin tun da safe nake fita ina neman abin da zan kawo mata da dare, kamar wanda aka aika kasuwa. Idon da a da ba ya neman komai sai inda za a samu ƙwaya, sai ya samu wani abin nema.

Ba zan manta da wani dare a watana na shida ba. Ɗiyata ƙarama, wadda a da in na shigo gida take ɓuya bayan uwarta, ta zo da kanta ta hau cinyata tana wasa da maɓallin rigata har barci ya ɗauke ta, miyanta ya jiƙa mini ƙirji. Ban motsa ba har ƙafata ta yi sanyi, don kada in tashe ta. Da matata ta ce to, yau me ka samo, kasa magana na yi, sai na nuna mata yarinyar. Kafin wannan dare na yi wata biyu ina faɗin abubuwa ba tare da na ji komai ba: na sha fura mai sanyi a gindin mangwaro da azahar, wane ya ba ni aron lauje, na wuce ta gaban rumfar da nake saye ban waiwaya ba. Faɗa kawai nake yi. Ashe zuciyar tana jiƙa a hankali kamar busasshiyar ƙasa da ruwan farko, wanda in ya sauka sai ka ga kamar bai shiga ba.

Akwai ranakun da babu abin da za ka samu, kuma kada ka ƙirƙiro. A irin wannan rana ka rubuta cewa yau ta yi maka nauyi kuma ba ka sha ba, ka rufe littafin. Gaskiya guda ɗaya ta fi ƙarya uku amfani a wurinmu, tunda ƙarya ce ta riƙe mu shekara da shekaru.

Sai dai ina neman afuwar Malam, Allah ya ƙara masa ilimi, a kan batun duban wanda yake ƙasa da kai. Hadisin gaskiya ne, amma ni na yi amfani da shi wajen cutar kaina. Shekara takwas ina cewa Alhamdu lillahi, ai ni ban kai wane ba da yake shaƙar sholisho a tasha, ni ina noma, ina ciyar da iyalina, ina salla. Da wannan godiyar nake haɗiye ƙwaya ta gaba. Komawata ruwa ta biyu ma haka ta faru, na dubi wasu na ga na fi su, na ce guda ɗaya ranar girbi ba za ta yi mini komai ba. Shi ya sa yanzu ba na auna kaina da kowa sai da mutumin da nake a da.

Malamin Islamiyya, Jega:

Babu abin neman afuwa, ɗan'uwa, gyara ka yi mai kyau. Malamai sun ce duban na ƙasa a sha'anin dukiya da abin duniya ne, amma a sha'anin addini da gyaran hali na sama ake duba. Ni ne ban bambance ba, kuma ka fi ni sanin inda ramin yake.

Ma'aikaciyar jinya, Birnin Kebbi:

Malam tela, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Zan yi magana ta fuskar aikina.

Bushewar zuciyar da ka kwatanta sananniyar aba ce ga wanda ya bar Tiramol ko kodin, kuma ba alamar raunin imani ba ce. Shekara shida ƙwayar tana danna sashen ƙwaƙwalwa mai sa mutum jin daɗi da ƙarfin da abinci ko hira ba za su iya ba, har sashen ya rage amsawa domin ya kare kansa. Ciwon jiki da gudawa da yoyon hanci da hamma sukan lafa cikin mako ɗaya ko biyu, amma dawowar ɗanɗanon rayuwa takan ɗauki watanni, kuma a wannan tsakanin ne mutane da yawa suke komawa, don suna zaton haka za su dawwama. Tiramol kuma, ban da aikinta irin na kodin, tana taɓa sinadaran da ke riƙe da walwalar mutum, shi ya sa barinta yakan zo da ƙunci da fargaba. Faɗuwar da ka yi ma aikinta ne, domin idan ta yi yawa a jiki tana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Ƙwayar da hukuma ta amince da ita mai miligiram 50 ce ko 100, ta bayan fage kuwa har mai 225 ake sayarwa.

Ka kuma sani ba kai kaɗai ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, na shekarar 2018, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya suka yi ta'ammali da kayan maye cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su Tiramol suke sha, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce.

Shawarar rubutun godiya tana da tushe. A 2003 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Robert Emmons da Michael McCullough, sun sa wasu ɗalibai rubuta abu biyar da suka gode a kansu kowane mako har mako goma, wasu kuma suka riƙa rubuta abubuwan da suka ɓata musu rai, sai aka tarar na farkon sun fi kyautata zato ga rayuwarsu kuma sun fi ƙarancin koke-koken jiki. Wani ƙaramin bincike da aka buga a 2017 a kan masu jinyar shan giya ya zo daidai da maganar yayanmu na Argungu: godiya ta tafi tare da ɗorewa ga waɗanda suka riga suka daina, amma ga waɗanda suke kan sha sosai sai ta tafi tare da ci gaba da shan. Kai ka riga ka daina, don haka kana ɓangaren da take yi wa amfani.

Duk da haka, ina roƙonka kada littafin ya maye maka gurbin likita. Idan ƙuncin ya kai ga hana ka barci da cin abinci har mako biyu, ko ka fara jin gara mutuwa, ka gaya wa ma'aikacin lafiyarka a ranar, domin ciwon damuwa yana da magani, kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kusa da Sakkwato, idan ana bukatar ƙwararru. Abu na ƙarshe da nake so ka riƙe kafin azumi shi ne jikinka ya riga ya manta da adadin da ya saba ɗauka. Wanda ya yi wata bakwai bai sha ba, idan ya koma ya sha irin na da a tashi ɗaya, zai iya rasa numfashinsa.

Yayarku daga Ƙauran Namoda:

Ƙanena, ni kodin ce ta kama ni, a cikin ɗakin aurena, ina juye ta a robar lemo don kada a gane. Da gwamnati ta hana shigowa da ita da sarrafa ta a watan Mayun 2018 sai kuɗinta ya tashi, ni kuma na bi ta da atamfofin lefena ɗaya bayan ɗaya, har da kwanukan jerena. Abin da ban ga an taɓo sosai ba shi ne godiya ga mutane, alhali hadisi ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba.

Abokiyar zamana, wadda nake yi wa kallon maƙiyiya, ita ce ta riƙa yi wa 'ya'yana wanka tana shirya su makaranta duk safiyar da na kasa tashi, kuma ba ta taɓa kai maganata waje ba. Na fi shekara da warkewa ina rubuta godiya ga Allah a takarda, amma ban taɓa buɗe baki na ce mata na gode ba, saboda faɗin hakan yana nufin na amsa duk abin da na yi. Ranar da na iya, tana tsugune tana tankaɗe a tsakar gida, na durƙusa kusa da ita na ce Yaya, na san abin da kika yi mini. Ba ta ɗago ba, sai ta miƙo mini rariyar ta ce in ƙarasa mata, hawaye yana ɗiga a kan garin. Nauyin da ya sauka daga ƙirjina a ranar, rubutun shekara guda bai sauke shi ba.

Ka ambaci yayanka da ya ɗauke ka daga bakin shago, ka ambaci dattijon da ya amince ya ba ka keke alhali ya san labarinka. Ka je musu da ƙafarka. Mai shaddar nan kuma ka neme shi ka gaya masa gaskiya, ko da kaɗan-kaɗan za ka biya.

Telan Tudun Wada, Gusau:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na jinkirta amsawa ne don in gwada abin da kuka ce, yau kwana goma sha shida ke nan.

Na bi sharuɗɗan yayana na Argungu. Dare huɗu daga ciki babu abin da na rubuta sai cewa ban sha ba. Amma ranar Talatar da ta wuce, wajen la'asar, zare ya tsinke mini ina tsakiyar ɗinkin wuyan wata riga, na lashi bakinsa na zura shi a allura, ya shige a karo ɗaya. Sai da na taka keken na tuna cewa shekara uku ke nan rabon da in zura zare ban kira yaron shago ba, saboda rawar da hannuna yake yi. Na tsayar da keken na daɗe ina kallon yatsuna. Da dare na rubuta shi, da lokacin da launin rigar, kuma a karon farko da na ce Alhamdu lillahi na ji ta a ƙirjina.

Na je gidan yayana ranar Juma'a na yi masa godiya, bai bar ni na ƙarasa ba. Dattijon shagonmu kuma na gaya masa tsoron da nake ji game da goman ƙarshe, ya ce ba zan kwana a shago ba bana, in tashi ƙarfe goma sha ɗaya, kuma shi zai ƙayyade yawan ɗinkin da zan karɓa. Zan ga ma'aikacin lafiyata mako mai zuwa, zan kuma gaya masa batun ƙuncin kamar yadda Hajiya ma'aikaciyar jinya ta ce. Mai shadda ne har yanzu ban samu ƙarfin tunkara ba, na bi ta ƙofar gidansa sau biyu na wuce. Yaya ta Ƙaura, don Allah ki gaya mini, shin gara in fara tara kuɗin in je da su a hannu, ko in je masa da gaskiyar tukuna ko da babu ko sisi?